Darasi: Ladan Binne Hayaƙi da Rangwamen Haraji a Amurka

Darasinmu na wannan karo zai kai mu ƙasar Amurka, ya kuma zaunar da mu tare da masu lissafin haraji, mutanen da ba mu saba zama da su ba. Ga dalilin tafiyar. A ranar 4 ga Oktoba 2023, ranar idin Waliyi Francis na Assisi, marigayi Paparoma Francis ya fitar da wasiƙarsa a kan sauyin yanayi mai suna Laudate Deum. A cikinta ya taɓo wata dabarar zamani ta kama iskar da masana'antu ke fitarwa. Ya yarda cewa dabarar tana da alamar amfani, amma ya ja kunnen duniya kada ta zama faci a bisa riga alhali ƙyallen yana ruɓewa daga ciki. Ba za mu iya auna wannan gargaɗi ba sai mun san dabarar kanta, mun kuma san kuɗin da ke tura ta gaba, gama a wannan zamani ba a haƙa rijiya mai zurfin kilomita biyu don Allah da Annabi, kamar yadda maƙwabtanmu kan faɗa. Akwai mai biya, akwai kuma mai karɓa.

Iskar da ake magana a kanta

Sunanta kabon dayoksaid, amma a nan za mu riƙa ce mata iskar kabon. Ba baƙuwa ba ce. Ita muke fitarwa in mun yi numfashi, ita itatuwa ke sha su girma, ita ce kuma ke yin kumfa a cikin lemon kwalba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Aibinta ɗaya ne: tana riƙe zafin rana kamar bargo, ta hana shi komawa sama. Kafin zamanin injuna, a cikin kowane kashi miliyan na iskar duniya akwai kimanin kashi 280 na iskar kabon. Yanzu ta haura kashi 420. Ƙarin ya fito ne mafi yawa daga ƙona kwal da man fetur da gas, waɗanda ke zuba wajen tan biliyan 37 a sararin sama kowace shekara. Rabon nahiyar Afirka duka a cikin wannan bai wuce kusan kashi 4 cikin 100 ba, amma zafi da fari da ambaliya ba sa tambayar wanda ya hura wutar.

Dabarar kamawa tana da matakai uku. Da farko akan bi da hayaƙin masana'anta ta cikin wata doguwar hasumiya inda ruwan sinadari ke zubowa, ya manne wa iskar kabon, ya bar sauran hayaƙin ya wuce. Sai a dafa ruwan domin ya saki iskar ita kaɗai. Na biyu, a matse ta da injuna har ta yi kauri kamar ruwa, a tura ta cikin bututu. Na uku, a ɗura ta cikin ƙasa, zurfin da ya wuce mita 800, cikin wani irin dutse mai ƙananan ramuka kamar soso, wanda wani dutse mai tauri marar yoyo ya rufe ta sama. Kowane mataki yana cin wuta, yana cin kuɗi. Tashar lantarki da ta ɗauki wannan aiki dole ta ƙona ƙarin mai domin kawai ta dafa ruwan ta kuma juya injunan matsewa.

Abin lura shi ne, tsadar aikin ba ɗaya ba ce a ko'ina. Masana'antar da ke yin etanol daga masara, ko wadda ke tace gas, iskar kabon tana fito musu kusan tsantsa, saboda haka kama tan ɗaya ba ya wuce dala 15 zuwa 25. Hayaƙin kwal kuwa, iskar kabon a cikinsa ba ta kai kashi ɗaya cikin shida ba, na gas ma ya fi haka tsinkewa, don haka a tashoshin lantarki da masana'antun siminti kuɗin yakan kama daga dala 40 har zuwa 120. Mafi tsada duka shi ne tace ta daga iskar da muke shaƙa, inda ta yi ƙaranci ƙwarai. Wannan yana cin ɗaruruwan daloli a kan kowane tan. Mu riƙe waɗannan lambobi, za mu bukace su nan gaba.

Dokar da ake kira 45Q

Wanda ya binne iska bai samu abin sayarwa ba. Ba hatsi ba ce, ba tufa ba ce, babu mai ciniki da zai taya. To, me zai sa kamfani ya kashe dukiyarsa? Gwamnati tana da hanya biyu. Ko dai ta ɗora haraji a kan wanda ya saki iskar, ko kuwa ta ba da lada ga wanda ya kama ta. Amurka ta zaɓi ta biyu.

A shekara ta 2008 majalisar dokokin ƙasar ta ƙara wani sashe a kundin harajinta, mai lamba 45Q. Sashen ya ce duk kamfanin da ya binne tan ɗaya na iskar kabon za a rage masa dala 20 daga harajin da ake binsa, in kuwa ya ɗura ta a rijiyar mai ne, dala 10. An kuma sa iyaka: da zarar jimlar ta kai tan miliyan 75, rangwamen ya ƙare. Kuɗin ya yi kaɗan, iyakar kuma ta sa masu ba da bashi suka ja baya, domin ba wanda ya san ranar da tukunyar za ta ƙare. A 2018 aka cire iyakar, aka tsara kuɗin ya riƙa hawa har ya kai dala 50 da dala 35, aka kuma ba kowace masana'anta shekara 12 tana karɓa. A watan Agusta 2022, a zamanin Shugaba Joe Biden, aka sake ɗagawa: dala 85 ga binnewa, dala 60 ga rijiyar mai, dala 180 ga wanda ya tace iskar daga sarari ya binne, muddin kamfanin ya biya ma'aikatansa albashin da doka ta tsara ya kuma ɗauki masu koyon sana'a. Dokar 2022 ta ƙara abu biyu masu muhimmanci. Kamfanin da ba a binsa haraji mai yawa yana iya karɓar tsabar kuɗi daga baitulmali a shekaru biyar na farko, yana kuma iya sayar da rangwamensa ga wani kamfani.

A nan ya kamata mu dakata, gama kalmar rangwame tana iya ruɗinmu. In mai shago ya yi mana rangwame, daga ribarsa ya rage. In gwamnati ta yi wa kamfani rangwame, daga asusun jama'a ta rage. Dalar da ba ta shiga baitulmali ba, da dalar da ta shiga aka fitar, duk ɗaya ne a wurin makaranta da asibitin da ke jiranta. Bambancin kawai, kuɗin da aka fitar yakan bi ta gaban majalisa kowace shekara a yi gardama a kansa, amma rangwame yana tafiya shiru, ba shi da rufi, ba kuma wanda ya san jimlarsa sai bayan an karɓa. Mu yi ɗan lissafi. Masana'antar da ke kama tan miliyan 1 a shekara za ta samu dala miliyan 85 kowace shekara. A shekara 12 ta haura dala biliyan 1. Idan masana'antar etanol ce, wadda kamawar ba ta ci mata fiye da dala 25 ba, to ko bayan an cire kuɗin bututu da rijiya, sauran yana da kauri. Idan ta siminti ce, mai yiwuwa dala 85 ba ta ishe ta ba. Farashi ɗaya ga kowa yana nufin kuɗin zai fara gangarawa wurin da aikin ya fi sauƙi, ba wurin da aka fi bukatarsa ba.

Ƙasar Norway ta bi ɗaya hanyar. A 1991 ta ɗora haraji a kan iskar kabon da kamfanonin mai ke saki a teku, kimanin dala 50 a kan tan a lokacin. Gas ɗin filin Sleipner da ke Tekun Arewa yana fitowa da iskar kabon kusan kashi 9 cikin 100, dole kuma a rage ta kafin a sayar. Kamfanin ya duba ya ga binnewa ta fi biyan haraji araha. Tun 1996 yake ɗura ta ƙarƙashin ƙasan teku, a shekarun farko wajen tan miliyan 1 a shekara. Sleipner ya nuna wa duniya cewa iskar tana iya zama a ƙasa shekaru da dama. Ya kuma nuna wani abu da ba a cika ambata ba: a can wanda ya ɓata shi ya biya gyara. A Amurka mai biyan haraji ne ke biyan wanda ya ɓata domin ya gyara.

Rijiyar mai

Yanzu mun zo inda maganar ta fi nauyi. Tun kafin a yi zancen sauyin yanayi, masu haƙar mai sun san amfanin iskar kabon. Rijiyar da ta tsufa takan bar mai da yawa maƙale a cikin dutse. In aka ɗura mata iskar kabon, iskar takan narke cikin man, ta tsinka shi, ta koro shi waje. An fara yin haka da yawa a yammacin jihar Texas a 1972. Shekaru da yawa kamfanoni suna haƙo iskar daga rumbunanta na halitta a ƙarƙashin ƙasa, a Colorado da Mississippi, suna biya da kuɗinsu. Har yau mafi yawan iskar da ake kamawa a masana'antun duniya, kusan kashi uku cikin huɗu, rijiyoyin mai take zuwa.

Masu kāre wannan aiki suna da hujja, kuma adalci ne mu ji ta. Suna cewa iskar da aka ɗura, mafi yawanta tana zama a ƙasa. Suna cewa duniya za ta sayi man ko daga ina ya fito, don haka gara gangar da aka binne iska kafin a fito da ita. Suna ƙara da cewa kamfanonin mai ne kaɗai ke da bututu da injiniyoyi da sanin duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Amma ga lissafin ɗaya gefen. A Amurka akan ɗura tsakanin kilo 300 zuwa 600 na iskar domin a fitar da ganga ɗaya. Gangar nan in an ƙona ta tana sakin kimanin kilo 400, ban da wajen kilo 100 na haƙowa da tacewa da jigila. Watau abin da ya shiga ƙasa da abin da ya fita sama sun kusa yin kunnen doki, sau da yawa ma fitar ta fi. A ganinmu, mutumin da ke kwashe ruwa daga ɗaki da ƙwarya ɗaya yana zubo wani da ɗaya ƙwaryar bai cancanci ladan mai kwashewa zalla ba.

Da can dokar ta san wannan bambanci, shi ya sa ta biya rijiyar mai ƙasa da binnewa. A ranar 4 ga Yuli 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan wata babbar dokar haraji wadda ta datse tallafin wutar rana da ta iska. Sashen 45Q kuwa ba a taɓa shi da wuƙa ba, sai ma aka ƙara masa: sabbin masana'antu da ke tura iskarsu rijiyar mai za su karɓi dala 85, daidai da masu binnewa. Mai rijiya yana da kuɗin mai a hannun dama, rangwame a hannun hagu. Mai binnewa zalla rangwame kaɗai gare shi. Ba sai an yi duba ba kafin a san inda bututu zai nufa.

Labarin tashar Petra Nova, kusa da birnin Houston, ya nuna haɗarin ɗaura jaki da doki a turke ɗaya. An gina ta a kan kusan dala biliyan 1, da gudummawar gwamnati ta kusan dala miliyan 200, domin ta kama wajen tan miliyan 1.4 a shekara daga hayaƙin kwal, ta tura shi wani filin mai da ke nisan mil 80. Ta fara aiki sosai a farkon 2017. Da farashin mai ya faɗi a 2020, lokacin annobar korona, sai aka kashe injunan kamawa, tashar kwal ɗin kuwa ta ci gaba da fitar da hayaƙinta. Sai a 2023 aka sake kunna su.

Wa ya ƙirga?

Iska ba buhun gero ba ce da za a jera a ƙidaya. Ba a ganinta lokacin da ta shiga, ba a ganinta in ta fita. Duk tsarin ya rataya ne a kan awo da rahoto. A 2020 babban mai binciken harkokin haraji na baitulmalin Amurka ya duba abin da aka karɓa daga 2010 zuwa 2019. Ya tarar cewa kamfanoni goma ne suka kwashe kusan duka rangwamen, wajen dala biliyan 1, kuma kusan dala miliyan 900 daga ciki an nema ne ba tare da tsarin sa ido da hukumar kāre muhalli ta amince da shi ba. Hukumar haraji ta soke wani babban kaso daga baya. Wannan bai tabbatar da cewa iskar ta tsere ba. Abin da ya tabbatar shi ne an miƙa hannu an karɓa kafin a nuna shaida. Mu da muka ji labarin jiragen man fetur da aka biya wa tallafi a takarda ba su taɓa sauke kaya a tashar Legas ba, ba ma bukatar dogon bayani.

A watan Satumba 2025 hukumar kāre muhallin Amurka ta gabatar da shawarar soke mafi yawan shirin da ke tilasta wa masana'antu ba da rahoton iskar da suke fitarwa, har da sashen da masu binnewa ke dogara da shi wajen nuna abin da suka binne. Abin mamaki, wasu daga cikin masu cin gajiyar rangwamen ne suka tashi suna roƙon a bar sashen, gama in babu ma'auni babu takardar karɓar kuɗi.

Akwai kuma mutanen da bututun ke ratsa gonakinsu. Iskar kabon ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, takan kwanta a kwari, ta kori numfashi. Maƙwabtanmu na Kamaru sun san haka da hawaye. A daren 21 ga Agusta 1986 Tafkin Nyos ya amayar da iskar kabon da ta taru a ƙasansa, ta gangara ƙauyuka, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi kimanin 3,500, yawancinsu suna barci. Wannan aikin halitta ne, ba na injiniya ba, rijiyar binnewa kuma ba tafki ba ce. Amma iskar ɗaya ce. A watan Fabrairu 2020 wani bututun iskar kabon ya fashe kusa da ƙauyen Satartia a jihar Mississippi, bayan ruwan sama ya zaftare ƙasa. An kwashe mutum kusan 200, mutum 45 suka je asibiti, motoci suka mutu a kan hanya domin inji ma yana bukatar iska mai kyau. Ba a rasa rai ba. Manoman tsakiyar Amurka sun ji labarin, kuma da aka zo da shirin shimfiɗa dogon bututu daga masana'antun etanol, suka yi tsaye. A watan Maris 2025 jihar Dakota ta Kudu ta kafa dokar hana ƙwace gona da ƙarfin hukuma domin bututun iskar kabon.

Kada kuwa mu fita daga wannan darasi da tunanin cewa dabarar banza ce. Akwai inda babu wata hanya a yanzu. Siminti misali ne. Ana yinsa ta wurin gasa dutsen farar ƙasa, kuma dutsen da kansa ne ke sakin iskar kabon in ya gasu, fiye da rabin abin da masana'antar ke fitarwa. Ko da hasken rana aka hura murhun, wannan kaso zai fita, a Ashaka ne ko a Sakkwato ko a Turai. Siminti yana da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, ba kuma za mu daina gina makarantu da gadoji ba. A 2025 masana'antar siminti ta Brevik a Norway ta fara kama iskarta, an tsara mata tan 400,000 a shekara, ana kai ta a jirgin ruwa a binne ƙarƙashin Tekun Arewa. Gwamnatin Norway ce ta ɗauki mafi yawan kuɗin. Irin wannan kashe dukiyar jama'a muna ganin yana da hujja, gama an zaɓi wurin da ciwon yake. Amma mu san girman abin: dukan injunan kamawa na duniya in an haɗa su ba su wuce kimanin tan miliyan 50 zuwa 60 a shekara ba. A gefen tan biliyan 37, wannan bai kai kashi ɗaya cikin 500 ba, bayan fiye da shekara hamsin ana aikin.

Sauran abu ɗaya da muke so ƙungiyoyin nazari su zauna a kansa, shi ne tsawon lokaci. Kamfani yana karɓar rangwame shekara 12. Idan iskar ta yi yoyo, hukumar haraji tana iya komawa baya shekara uku kawai ta karɓe abin da ta bayar. Ƙa'idar hukumar kāre muhalli ta ce a sa ido a kan rijiya shekara 50 bayan an daina ɗurawa, sai dai in an nuna dalilin ragewa. Iskar kuwa, domin aikin ya yi amfani, dole ta zauna a ƙasa dubban shekaru, lokacin da babu kamfanin, babu wanda ya sa hannu, babu ma wanda ya tuna inda aka haƙa. Wasu jihohi sun riga sun amsa tambayar wanda zai gāji wannan kaya. A Dakota ta Arewa, doka ta ce bayan aƙalla shekara goma da daina ɗurawa, kamfani yana iya neman takardar kammala aiki, daga nan iskar da alhakinta su koma hannun jiha, watau hannun 'ya'ya da jikokin mutanen da suka biya kuɗin binnewar tun farko.